Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Tallafin Attajiran Waje da Makomar Buɗaɗɗiyar Al'umma

A watan Disamba na 2018, hukumar Jami'ar Tsakiyar Turai, wadda aka fi sani da CEU, ta sanar da cewa za ta kwashe mafi yawan darussanta daga Budafest, babban birnin Hangari, ta koma Biyana ta ƙasar Ostiriya. Jami'ar ba ta rasa ɗalibai ba, kuɗi kuma ba su yanke mata ba. Doka ce majalisar Hangari ta yi a 2017, ta gindaya wa jami'o'i masu rajista a ƙasashen waje wasu sharuɗɗa waɗanda kowa ya san da wa ake. Dubban mutane sun fito zanga-zanga, malaman jami'o'in duniya sun rubuta takardun koke, amma haka aka naɗe tabarma. A watan Oktoba na 2020 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa dokar ta saɓa wa ƙa'idojin tarayyar, sai dai hukuncin ya zama ihu bayan hari.

Wanda ya kafa jami'ar a 1991, George Soros, yana cikin attajiran da suka fi kowa kashe dukiya kan dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan Adam a wannan zamani. Abin da ya zuba a gidauniyarsa ta Open Society ya haura dala biliyan 32. Duk da haka bai iya kare jami'a guda ɗaya a birnin da aka haife shi ba. Wannan al'amari ya cancanci manazarta su tsaya a kansa, domin irin wannan kuɗi ya daɗe yana shigowa Afirka ta Yamma, ya shiga ƙungiyoyinmu da jami'o'inmu, har ya taɓa kalmomin da muke amfani da su idan muna maganar 'yanci. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne cewa tallafin waje ya yi amfani, kuma rashin adalci ne a musanta haka, amma duk gyaran da bai samu kuɗin gida da harshen gida ba, ranar da mai zane ya karɓi abinsa za a ga tsiraicinsa.

Mece ce buɗaɗɗiyar al'umma?

Masanin falsafar nan na Faransa, Henri Bergson, ya yi amfani da wannan laƙabi tun 1932, amma wanda ya ba shi ma'anar da ta yaɗu shi ne Karl Popper, haifaffen Biyana. Popper ya bar Turai a 1937 ya kama aikin koyarwa a Niyu Zilan, kuma a can ya rubuta littafinsa mai juzu'i biyu kan buɗaɗɗiyar al'umma da maƙiyanta, wanda aka buga a 1945. A cikinsa ya soki Aflatun da Hegel da Marx, bisa zargin cewa tunaninsu ya share fage ga masu mulkin da ke da'awar sun san inda tarihi ya dosa, don haka ba su buƙatar a gyara musu.

Tushen tunanin Popper yana cikin nazarinsa kan kimiyya. A ganinsa babu wani ra'in kimiyya da ake tabbatarwa har abada. Ra'i yana tsayawa ne muddin ba a samu hujjar da ta rushe shi ba, kuma ilimi yana ci gaba ne ta hanyar gano kuskure. Da ya ɗauko wannan ya ɗora a kan mulki, sai ya ce tambayar wa ya cancanci ya yi mulki ba ita ce babbar tambaya ba. Wadda ta fi ta ita ce yadda za a tsara hukumomi ta yadda idan mai mulki ya lalace za a iya sauke shi ba tare da zubar da jini ba. Daga nan ne jarida mai 'yanci da kotu mai zaman kanta da zaɓe da jami'a suke samun matsayinsu: su ne hanyoyin da al'umma ke gane kuskurenta ta gyara. Bahaushe bai buƙatar doguwar lacca kafin ya fahimci wannan, tun da shi ya ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Abin da Popper ya ƙara shi ne cewa sarki ma tara yake, saboda haka dole a gina tsarin mulki a kan wannan sani.

A nan akwai matsalar fassara da ya kamata mu lura da ita. Kalmar buɗewa tana da fuska biyu a Hausa. Idan aka ce an buɗe wa mutum ƙofa ko Allah ya yi masa buɗi, alheri ake nufi. Idan kuwa aka ce yarinya idonta ya buɗe, ba yabo ba ne. Saboda haka mai sauraro na iya jin buɗaɗɗiyar al'umma ya ɗauka sakakkiyar al'umma ake nufi, wadda ba ta da kunya ba ta da kwaɓa. Ma'anar Popper kuwa ita ce al'ummar da ke karɓar gyara. Rabin gardamar da ake yi a kanta a gidajen rediyonmu daga wannan ruɗani take tasowa.

Abin da kuɗi suka iya

An haifi Soros a Budafest a 1930 cikin iyalin Yahudawa. Yana ɗan shekara 13 sojojin Jamus suka mamaye Hangari a watan Maris na 1944, kuma iyalinsa sun tsira ne da takardun shaida na jabu da mahaifinsa ya samo. Ya tafi Ingila a 1947, ya yi karatu a Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan inda Popper ke koyarwa, sannan ya koma Amurka a 1956 ya tara dukiya a kasuwar hannun jari da ta canjin kuɗi. Taimakonsa na farko, a 1979, guraben karatu ne ga baƙaƙen ɗalibai a Jami'ar Kef Tawun, lokacin mulkin wariyar launin fata.

A 1984 ya kafa gidauniya a Hangari, ƙasar tana ƙarƙashin mulkin kwaminisanci. Aikin da aka fi tunawa da shi a wancan lokaci shi ne raba injunan fotokwafi ga ɗakunan karatu da cibiyoyin bincike. A ƙasar da hukuma ke sa ido a kan kowace na'urar buga takarda, wannan ƙaramin abu ya sa ta kasa tsare abin da mutane ke karantawa. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, ya ware dala miliyan 100 a 1992 don tallafa wa masana kimiyyar da albashinsu ya zama ba ya sayen komai. Waɗannan ayyuka ne da gwamnatoci ba za su iya yi da sauri haka ba, kuma a nan ƙarfin attajiri mai zaman kansa yake: ba ya jiran majalisa, yana iya kasada, yana iya taimakon wanda hukuma ta ƙi.

Cikin matasan da suka ci moriyar gidauniyar akwai Viktor Orbán, wanda ya samu tallafinta ya je Jami'ar Okusfod a 1989. Shi ne ya dawo mulki a 2010 da rinjayen kashi biyu cikin uku na majalisa, ya sake kundin tsarin mulki, ya kuma bayyana a 2014 cewa yana gina ƙasar da ba ta bin tafarkin sassaucin ra'ayi. A 2017 gwamnatinsa ta cika tituna da allunan da ke ɗauke da hoton Soros, a 2018 majalisa ta yi dokar da aka laƙaba wa sunansa, wadda ta mai da wasu nau'o'in taimakon masu neman mafaka laifi. A shekarar ce gidauniyar ta kwashe ofishinta daga Budafest ta koma Balin. Tallafin karatu ya iya kai saurayi Okusfod, amma bai iya dasa masa son a soke shi ba.

Famfo mai makulli biyu

Labarin Hangari ba shi kaɗai ba ne. Rasha ta yi dokar da ke tilasta wa ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin waje su yi rajista a matsayin wakilan ƙasashen waje a 2012, sannan a 2015 ta haramta ayyukan gidauniyar Open Society baki ɗaya. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Habasha. A 2009 gwamnatin ƙasar ta yi dokar da ta hana duk ƙungiyar da ke samun fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗinta daga waje yin aikin kare haƙƙin ɗan Adam ko na dimokuraɗiyya.  Ƙungiyoyi da yawa sun sauya aiki, babbar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta rufe mafi yawan ofisoshinta, kuma haka aka zauna har aka soke dokar a 2019. Abin da dokar ta tona shi ne cewa ƙungiyoyin ba su da hanyar tara kashi 90 cikin 100 na kuɗinsu a gida.

Ɗaya makullin yana hannun mai bayarwa. A 2023 Soros ya miƙa ragamar gidauniyar ga ɗansa Alexander, aka kuma sanar da rage kimanin kashi 40 cikin 100 na ma'aikatanta tare da sake fasalin ayyukanta. A 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, ta kuma rushe hukumar USAID, ayyuka masu yawa a Afirka suka tsaya cikin 'yan makonni. Babu wanda ya shawarci waɗanda ake yi wa aikin. Ashe ƙungiyar da ta dogara da kuɗin waje tana shan ruwa ne daga famfo mai makulli biyu, ɗaya a hannun gwamnatin ƙasarta, ɗaya a hannun baƙo, ita kuwa ba ta riƙe da ko ɗaya.

Sukar gaskiya da ta ƙarya

Wajibi ne a rarrabe tsakanin suka iri biyu da ake yi wa irin wannan taimako. Akwai tatsuniyar da ke cewa mutum ɗaya ne ke juya duniya daga bayan labule, shi ke kitsa kowace zanga-zanga, shi ke tura 'yan gudun hijira. Wannan tsohuwar ƙiyayyar Yahudawa ce ta Turai aka sake wa riga, kuma amfaninta ga mai mulki a fili yake: idan baƙo ne ya biya masu kuka, to babu buƙatar a saurari kukan. Manazarci bai kamata ya ari bakin wannan magana ba, ko da ta iso masa ta WhatsApp cikin Hausa mai daɗi.

Akwai kuma sukar da ke da tushe. Attajiri ba a zaɓe shi ba, ba a kuma iya sauke shi, alhali kuɗinsa na iya sauya abin da al'umma ke muhawara a kai. Wannan ya ci karo da ma'aunin Popper kansa. Dukiyar ma tana da tarihinta: ribar kusan dala biliyan 1 da Soros ya samu a 1992 ta fito ne daga cacar da ya yi kan faɗuwar fam na Ingila, kuma a rikicin kuɗi na Asiya na 1997 Firayim Ministan Malesiya, Mahathir Mohamad, ya zarge shi a bainar jama'a da karya darajar kuɗin ƙasarsa. Bayan haka, gidauniyoyin Yamma sukan zo da manufofinsu a dunƙule, har da waɗanda suka shafi iyali da jinsi da dokokin ƙwaya, waɗanda mafi yawan Musulmi da Kiristocin Afirka ba su yarda da su ba. Sakamakon haka, lauyan da ke kare wanda 'yan sanda suka azabtar yakan sha zargin da ba nasa ba, don kawai asusu ɗaya ke biyan su. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka jama'a ke gani, kuma ba kullum suke kuskure ba.

Yadda abin yake a gida

Gidauniyar Open Society ta kafa reshenta na Afirka ta Yamma, OSIWA, a 2000, da hedikwata a Dakar da ofis a Abuja. Kafin ita akwai gidauniyoyin Ford da MacArthur, kuma ta biyun ta tallafa wa jami'o'in Nijeriya huɗu, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, wajen ɗakunan karatu da kayan kwamfuta da horar da malamai. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla sun amfana da hakan, ko sun sani ko ba su sani ba.

A fagen doka ma an ga tasiri. Yunƙurin samar da dokar 'yancin samun bayanai ya fara ne a 1993, ƙarƙashin mulkin soja, daga ƙungiyoyin Media Rights Agenda da Civil Liberties Organisation da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa. Ƙudurin ya shiga majalisa a 1999, Shugaba Obasanjo ya ƙi sa masa hannu a 2007, sai a watan Mayu na 2011 Shugaba Jonathan ya sa hannu. Shekara 18 ke nan ana bin abu ɗaya, kuma da wuya ƙananan ƙungiyoyi su jure wannan doguwar tafiya ba tare da tallafin waje ba. Haka nan gyaran tsarin mulki na 2018, wanda ya rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jihohi kuma daga 30 zuwa 25, ƙungiyoyin matasa ne suka ja ragamarsa.

Sai dai mu tambayi kanmu inda waɗannan nasarori suka tsaya. Dokar samun bayanai ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya nemi a nuna masa takardun hukuma, amma manomin da ke son sanin inda kuɗin rijiyar burtsatsen ƙauyensu suka shiga bai taɓa jin labarinta da harshen da yake ji ba. Abin da ya fi yawa shi ne taron bita a otal, a raba jaka da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto da Turanci a aika wa wanda ya biya. Ƙungiyar da ke rayuwa a haka fuskarta tana kallon mai bayarwa ne, bayanta kuma yana wajen jama'a. Ranar da hukuma ta taso mata, babu wanda zai rufe shagonsa ya fito dominta, domin bai taɓa sa ko sisi a cikinta ba.

Abin da tarihinmu ya nuna

Ƙasar Hausa ba ta koyi neman haƙƙi daga gidauniya ba. Jam'iyyar NEPU, wadda mutum takwas suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, ta tsaya ne a kan teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure. Sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama tana neman a ba matan Arewa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a ƙarshen shekarun 1970. Abokan hamayya sun yi wa NEPU gorin ƙawancenta da jam'iyyar NCNC ta Kudu, wato ita ma an ce 'yar koren baƙi ce. Gorin bai kashe ta ba, saboda kalmomin da take magana da su, zalunci da talaka da sawaba, na mutanen ne, wahalar da ake sha kuma tasu ce. Lokacin da magajiyarta PRP ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin abubuwan farko da ta yi.

A Nijar, ranar 9 ga Fabrairu, 1990, jami'an tsaro sun buɗe wuta kan ɗaliban da ke maci a gadar Kennedy ta Yamai, ɗalibai uku suka rasu. Ƙungiyar ɗalibai da ta ƙwadago suka matsa wa gwamnatin Janar Ali Saibou lamba har ta amince da jam'iyyu da yawa. Ranar 13 ga Mayu, 1991, mata suka yi maci suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma har yau ranar ce ranar matan Nijar. Taron ya zauna daga Yuli zuwa Nuwamba na 1991, aka yi zaɓe a 1993. Gaskiya ne cewa juyin mulki ya biyo baya a 1996 da 1999 da 2010 da 2023, wanda ke nuna cewa gyaran da ya tsiro a gida ma yana iya faɗuwa. Bambancin shi ne yana barin iri a ƙasa: mutanen da suka biya da jininsu da albashinsu ba su mantawa.

Ina attajiranmu?

Tambayar da ta rage ita ce dalilin da ya sa kare haƙƙin talakan Katsina ko na Maraɗi zai jira kuɗin wani haifaffen Budafest. Attajiran ƙasar Hausa ba marowata ba ne. Suna gina masallatai da asibitoci, suna ciyarwa da azumi, suna aurar da marayu. Abin da ba su cika taɓawa ba shi ne duk aikin da zai iya ɓata wa gwamnati rai, kuma dalilin a bayyane yake: wanda kasuwancinsa ya rataya a kan lasisi da kwangila da rangwamen kwastan ba zai ɗauki nauyin jaridar da ke binciken ma'aikatar da ke ba shi su ba. A nahiyar akwai wanda ya gwada wata hanya. Mo Ibrahim, haifaffen Sudan wanda ya kafa kamfanin sadarwa na Celtel, ya buɗe gidauniya a 2006 da ke auna ingancin mulki a ƙasashen Afirka, tana kuma ba tsohon shugaban da ya sauka cikin mutunci kyautar dala miliyan 5. Shekaru da yawa ba a samu wanda ya cancanta ba. Mahamadou Issoufou na Nijar ya samu ta 2020, bayan shekara biyu da 'yan watanni da miƙa mulkinsa sojoji suka kifar da magajinsa. Kyauta ga mutum ɗaya ba ta gina hukuma.

Muna da wata hanya da ta girmi duk waɗannan gidauniyoyi, wato waƙafi. Ƙarnoni da dama waƙafi ne ya riƙe makarantu a Alƙahira da Fas da Dimashƙa, ya ba malamai abincin da ba daga hannun sarki ya fito ba. Da gwamnatocin Masar suka karɓe dukiyar waƙafi, tun daga zamanin Muhammad Ali har zuwa na Jamal Abdunnasir, sannan dokar 1961 ta sake fasalin Azhar, malamai suka koma masu jiran albashin hukuma. Hikimar waƙafi ita ce da zarar an tsayar da shi ya fita daga hannun mai shi, ba ya iya janye shi don ya ji tsoro ko don an ɓata masa. Wannan ita ce kariyar da tallafin shekara biyu ba ya bayarwa.

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. A kowane watan azumi akan ji attajiri ko gwamna ya biya tara an saki fursunoni, kuma jama'a na ganin hakan aikin lada ne. To, mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wanda ya tsayar da rumfunan kasuwa goma waƙafi, kuɗin hayarsu ya riƙa biyan lauyoyin da za su bi shari'ar irin waɗannan mutane, ya yi aikin kare haƙƙin ɗan Adam, kuma babu mai ce masa ɗan koren Turawa. Haka za a iya yi wa gidan rediyon al'umma, ko asusun buga littattafai, ko kujerar bincike a jami'a. Ƙungiyoyin su ma su koma ga kuɗin mambobi, ko da kaɗan ne, domin wanda ya biya naira ɗari a wata yana da bakin tambayar inda aka kai ta.

Nauyin da ke kan manazarta Hausa

Kason da ya faɗo a kanmu shi ne na harshe. Hausa tana da kalmomi masu nauyi a wannan fage waɗanda takardun tallafi ba su san da su ba. Haƙƙi a bakin Bahaushe ya haɗa abin da mutum ya cancanta da abin da ke wuyansa, yana kuma da ɗan'uwa, alhaki, wanda aka ce kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wanda aka ce masa ya ci haƙƙin wani yana jin tsoron da kalmar doka ba ta sa shi. Mutunci ma haka: cin mutunci laifi ne da kowa ya gane ba tare da an karanta masa sashe na kaza ba. Aiki ne a gabanmu mu bi waɗannan kalmomi cikin rubutattun waƙoƙi da waƙoƙin baka na siyasa da tsofaffin takardun kotunan alƙalai da shirye-shiryen rediyo, mu fito da yadda Hausawa suka yi tunani a kan iyakar ikon mai mulki. Daga nan ne za a samu fassarar Babi na Huɗu na tsarin mulkin Nijeriya, da ta dokar samun bayanai, wadda mutum zai ji ta shiga kunnensa, maimakon fassarar kalma da kalma da ake yi cikin gaggawa don a cika sharaɗin mai ba da kuɗi. Sashe na 55 na tsarin mulkin ya ambaci Hausa cikin harsunan da majalisar tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadin da ya dace. Tanadin nan, babban ɓangarensa aikin sassanmu ne.

Akwai kuma abin da ya shafi halinmu. Fagen da muke nazari ya ɗanɗani taƙaddama kan 'yancin faɗar albarkacin baki, musamman a 2007 da 2008, lokacin da aka yi ta ja-in-ja tsakanin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da marubuta da masu shirya fim. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma al'umma na da ikon kare tarbiyyarta, amma tambayar Popper tana nan: idan mai tacewa ya yi kuskure, wa zai gyara masa, ta wace hanya? Tambayar ta biyo mu har cikin sassanmu. Ɗalibin digiri na uku da ya gano cewa ra'in malaminsa bai tsaya ba, yana iya rubuta haka ya kuma kammala karatunsa lafiya? Mujallunmu suna buga raddi a kan manyanmu? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Jami'ar da ba ta jure wa gyara a cikin gida ba ta da bakin neman gwamnati ta jure.

Ba ina kira a juya wa tallafin waje baya ba ne. Wanda ke cikin rami ba ya tambayar asalin igiya, kuma akwai lokutan da baƙo ne kaɗai ke iya miƙo ta, kamar yadda aka gani a Afirka ta Kudu da Hangari, da Nijeriya a zamanin soja. A karɓa, a yi godiya, a kuma faɗa wa mai bayarwa gaskiya idan manufarsa ta saɓa wa tamu. Amma kowace ƙungiya da kowace cibiyar bincike ta yi wa kanta lissafin da dokar Habasha ta tilasta wa wasu: idan aka rufe famfon gobe, kashi nawa na aikinmu zai ci gaba, kuma su wa za su fito su tsaya mana? Jami'ar CEU ta samu inda za ta koma, domin tana da dukiya, Biyana kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Budafest. Lauyan talakawa a Gusau da ɗan jarida a Damagaram ba su da wata Biyana. Abin da zai riƙe su shi ne abin da mutanen garinsu suka yarda nasu ne, suka sa kuɗinsu a ciki, suka kuma ji shi da harshensu.